Kwalbar da Na Saya a Bayan Taminus

Dutsena na farko kwalba ce.
Gara ka ji a bakina kafin ka ji a bakin wani.
Albashin wata guda na malamin firamare
na zube wa wani mai hular sanyi a bayan Taminus.
Ya kwance ƙyalle kamar mai nuna jariri,
ya ce jed ne, daga can gabas mai nisa,
kore shar kamar latas ɗin lambun Lamingo.
Na taho gida ina taka ƙasa a hankali
kada arzikina ya girgiza.

Kwana uku yana ƙarƙashin matashina.
Ran na huɗu na kai wa Baba Shu'aibu a Dilimi,
wanda ya wanke kuza a Bukuru tun yana yaro
har yatsunsa suka manta da taushi.
Bai ce uffan ba. Ya ɗora shi a kumatu,
ya ƙirga goma, ya ɗaga shi ga hasken taga.
“Matso ka ga kumfa, malam. Ɗaya, biyu, ga ta uku.
Dutse ba ya numfashi. Wuta ce ta hura wannan.
Kuma dubi yadda ya ɗumama da wuri.
Na gaske riƙe sanyinsa yake,
kamar asubar garin nan, sai ka lallashe shi.”

Na miƙe zan wurga shi a kududdufin kuza.
Ya kama mini hannu.
“Ka biya kuɗin makaranta, za ka jefar da littafin?”

Daga ranar, duk Asabar ina kan bencinsa.
Shayi yana hucewa, yana magana kamar ba da ni yake ba.
Bari ido ya riga aljihu zuwa kasuwa, in ji shi,
da shekara guda, ko fiye.
Je ka taɓa, ka auna a tafin hannu,
ka ƙwanƙwasa ka ji ko zai amsa,
ka yi godiya, ka dawo hannu wofi.
Wanda ya ce yau kaɗai, gobe babu,
ka yi masa fatan alheri, ka wuce.
In labarin ya fi dutsen nauyi, labarin kake saye.
Kuma kuɗin da za ka kai,
su zama waɗanda in sun ɓace tukunya ba za ta sani ba.

Na ce, Baba, to riba fa?
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
“Mai son riba ya sari dankali.
Wannan abin kallo ne. Zaɓi wanda za ka so
ko da babu mai tambayar ka nawa.”

Shekara bakwai ke nan. Duwatsuna biyar,
kwalbar ce ta shida.
Akwai wani ƙarami, bai kai ƙwayar dabino ba,
fari-fari kamar cikin kabeji,
da jijiya ruwan ƙasa da ta rage masa farashi.
Shi nake taɓawa in aji ya gajiyar da ni.
Ɗiyata Hanne ta tambaye ni wanne ya fi tsada,
na nuna mata kwalbar. Ta ɗauka wasa nake.

Baba ya rasu a damunar bara.
Ya bar mini ɗan gilashinsa na dubawa,
igiyar har yanzu tana ƙanshin goro.

Yau ga ka nan da hoto a waya,
ido na ƙyalli, albashi na motsi a aljihu.
Ajiye wayar. Zauna, ruwa ma ya taso daga Shere.
Ga biyu, ba zan gaya maka wanne ne wanne ba.
Kawo kumatunka.
Ƙirga goma.